Mai Mota Ɗaya a Hanyar Duwala: Ya Tsaya da Ƙafarsa ko Ya Shiga Inuwar Kamfani?

Duk wanda ya saba zaman majalisa a Kilomita Biyar bayan sallar La'asar, ko a bakin titin Kuduku, ko a rumfunan masu sayar da taya da kayan gyaran mota, ya san akwai wata gardama da ba ta tsufa a tsakaninmu. Mutum ne Allah ya buɗa masa, ya tara abin da ya tara, ya ranto abin da ya ranto, ya sayi babbar mota guda ɗaya. To, yanzu me ya fi masa? Ya riƙa neman lodi da kansa, yau ga wannan gobe ga wancan, ko kuwa ya kai motar ya jingina ta ga wani kamfanin sufuri, ta riƙa aiki da sunansu alhali tana nan a matsayin tasa? Dattawa suna da ra'ayi, matasa suna da nasu, direbobi kuma, waɗanda su ne ke kwana a daji, ba kasafai ake tambayarsu ba. Mun ga ya kamata a wannan fitowa mu zauna mu auna maganar, domin kuwa akwai gidaje da yawa a unguwar nan waɗanda tukunyarsu ke dogare da tayoyin mota ɗaya tak.

Sai mu fara da hanyar ita kanta, tun da ita ce uwar magana. Ƙasarmu ba ta da bakin teku, ba ta kuma da layin dogo. Kogin Ubangi yana ɗaukar manyan kwale-kwalen kaya ne a watannin da ruwa ya cika kawai, da rani ya yi nisa sai su tsaya. Saboda haka mafi yawan abin da muke gani a kasuwar Kilomita Biyar, shinkafa, sukari, fulawa, siminti, kwanon rufi, atamfa, babura, daga tashar jiragen ruwa ta Duwala yake fitowa a bayan mota. Tafiyar ta kai kilomita 1,400 da ɗoriya. Daga Duwala a bi ta Yawunde da Bertuwa zuwa Garwa-Bulai, a tsallako iyaka a Beloko, sa'an nan Babuwa, Buwar, Baworo, Bosemtele, Yaloke, Bosembele, Bowali, har a shigo gari ta shingen PK12. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan, in ka ambata shi a gaban tsohon direba, yana da labarin da zai ba ka, kuma galibi labarin kwana ne: inda ya kwana uku yana jiran takarda, inda ya kwana bakwai yana jiran bakanike.

Kaya a wannan hanya ba a buɗe suke ga kowa ba. A watan Disamba na 1999 Kamaru da Afirka ta Tsakiya suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta raba dakon kayan da ke ratsowa zuwa ƙasarmu: kashi 60 cikin 100 na motocinmu, kashi 40 na motocin Kamaru. Ofisoshi biyu ke kula da wannan rabo, BARC a ɓangarenmu, BGFT a ɓangaren Kamaru. Su ke ba da takardar lodi, su kuma karɓi kamashonsu. A rubuce, wannan yarjejeniya gata ce ga mai mota ɗan ƙasa. Amma kashi 60 ɗin nan sai da motocin da za su ɗauke shi, mu kuwa motocinmu ba su taɓa isa ba, balle bayan abin da ya faru a 2013 da 2014, lokacin da 'yan'uwa masu yawa suka loda iyalansu a bayan motocinsu suka nufi Kamaru da Cadi. Wasu motocin an ƙone su, wasu an kwashe, wasu kuma sun sami lambar wata ƙasa ba su sake dawowa ba. Shi ya sa in ka tsaya a bakin hanya ka ƙirga ayarin da ke shigowa, za ka ga lambar Kamaru ta rinjaya nesa ba kusa ba.

To, mu koma ga mutuminmu mai mota ɗaya. Abin da ke jan hankali ga tsayawa da ƙafar kai a fili yake. Kuɗin dako duka nasa ne, babu mai yankar wani abu a kai da sunan kamfani. Shi zai yi ciniki, in farashi bai yi masa ba ya ce albarka. In ya ga damina ta ɓata hanya, ko ya ji ƙishin-ƙishin ɗin tashin hankali a wajen Bosembele, ya ajiye motarsa babu mai tuhumarsa. In kuma ɗan'uwansa ɗan kasuwa yana da buhu ɗari biyu a Duwala, wani maƙwabci yana da ɗari, sai a haɗa a cika mota, a biya shi a hannu da an sauke. Wannan irin ciniki na sanayya shi ya riƙe sufurin Hausawa a ƙasar nan tun zamanin kakanni, kuma har gobe yana da albarka. Akwai kuma abin da ba a faɗa da baki amma kowa ya san yana nan, watau girma. A ce motar Alhaji ce, sunansa ne a jikin ƙofa, ba sunan wani kamfani ba.

Sai dai mu a ganinmu, kalmar nan ta "cin gashin kai" tana ruɗin mutane. Mai mota ɗaya da ba shi da kayan kansa, ba shi kuma da 'yan kasuwar da suka tsaya masa, bai tsira daga ubangida ba, ya dai canja ubangida ne. Maimakon kamfani ɗaya, sai ya koma hannun 'yan kamasho na Duwala. Manyan kaya suna hannun taransite, watau kamfanonin da ke fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa su kuma tsaya wa duwan jingina har kayan su ƙetare iyaka. Taransite kuwa ya fi son ya yi magana da mai mota talatin a kan ya yi da mutum talatin masu mota ɗai-ɗai. Abin da ya rage shi ke gangarowa ta hannun dillali, wani lokaci dillali biyu ko uku, kowa ya ɗan gutsura, kafin ya iso ga mai mota. Kafin nan kuwa motar tana fakin, direba da yaron mota suna cin abinci, ana biyan mai gadi, inshora tana tafiya, wanda aka ranci kuɗinsa yana ƙirga kwanaki. Masu sana'ar sun san wannan sarai: ba tafiya ke kashe mai mota ba, zama ne.

Bari mu ɗan yi lissafi, don maganar ta fito fili. A ce mota tana shan lita 50 na gazuwal a kowace kilomita 100, a ce kuma zuwa da dawowa kilomita 2,900 ne. Lita 1,450 ke nan a sawu ɗaya. A watan Fabrairu na 2024 Kamaru ta mai da litar gazuwal sefa 828, watau man sawu ɗaya ya haura sefa miliyan 1 da dubu 200. A nan gida kuwa, a watan Janairu na 2023 gwamnati ta ɗaga lita daga sefa 855 zuwa 1,450, wanda a wannan farashi man sawun zai wuce miliyan 2. Wannan ne dalilin da ya sa kowace mota ke ɗaure da ƙarin tanki, ana cika shi tun daga Kamaru. Mai kaɗai ke nan. Ba a zo ga taya ba, ba a zo ga kuɗin hanya na direba ba, ba a zo ga na goro da ake miƙawa a shingaye ba, waɗanda ba su da rasit amma suna da farashi. Mota mai sawu biyu a wata tana iya ɗaukar waɗannan duka ta bar riba. Mota mai sawu ɗaya a wata ɗaya da rabi, ko da an biya ta da tsada, cin kanta take yi.

Ga kuma matsalar dawowa. Abin da ƙasarmu ke fitarwa mai nauyi shi ne katako, shi kuwa mafi yawansa daga dazuzzukan kudu maso yamma ake lodinsa, wajen Nola da Berberati, ya fita ta Gambula, a bayan motocin da aka ƙera don gungume. Lu'ulu'u da zinariya ba sa bukatar tirela. Saboda haka motar da ta sauke a Bangi sau da yawa wayam take komawa, ko kuwa da kwantena babu komai a ciki. Mai mota ɗaya dole ya fitar da kuɗin zuwa da na dawowa daga lodi guda.

Nan ne inuwar kamfani take da daɗi. Wanda ya jingina motarsa ga kamfanin da ke da kwangila, ko da taransite, ko da masu shigo da siminti da fulawa, ko da Hukumar Abinci ta Duniya da sauran ƙungiyoyin agaji masu hayar motoci, ba ya kwana yana tunanin inda lodi zai fito. Kamfani ke bin takardu, shi ke hulɗa da duwan da ofishin lodi, galibi shi ke ba da kafin alƙalami na mai da kuɗin hanya. In mota ta lalace a Yaloke, akwai wayar da za a buga, akwai wata motar kamfanin da ke tafe a baya wadda za ta kawo abin gyara. Kamfani yana sayen taya da yawa, don haka yana samunta da rahusa. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma duk wanda ya raina su bai taɓa tsayawa a kan mota mai karyayyen sifirin a tsakiyar daji ba.

Amma inuwar tana da kuɗinta. Na farko, kamfani yana yankar rabonsa daga kuɗin dako, kuma sau da yawa mai mota bai san nawa mai kaya ya biya tun asali ba, abin da aka gaya masa kawai ya sani. Na biyu, kamfani yana da motocin kansa, kuma ɗan ciki ya fi ɗan riƙo. Lodi mai sauƙi mai tsoka nasu ne, mai nauyi mai wahala na motar haya. In kasuwa ta yi sanyi, motar da za a fara ajiyewa ita ce taka. Na uku, kuma wannan ya fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya, shi ne jinkirin biya. An sauke kaya, an sa hannu, amma ciko sai mai kaya ya biya kamfani, sai akawu ya dawo, sai wata ya ƙare. Ranar da kuɗin suka fito kuma sai ka tarar an zaftare: buhu kaza ya jiƙe, kwantena ta yi kwanaki fiye da ƙa'ida kamfanin jirgin ruwa ya ci tara, an kama mota da nauyin da ya wuce kima a sikeli. A hanyoyin Kamaru iyakar nauyi tan 50 ne ga mota da kayanta gaba ɗaya. Wanda ya loda motar ya san haka, amma tarar a kan wa take faɗawa? Ga shi kuma nauyin da ya wuce kima sifirin ɗinka yake karyawa, tayarka yake ci, ba na kamfani ba.

Mun ce za mu auna, to bari mu kawo shekarun da suka gwada kowa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Dare ɗaya kuɗin taya da na kayan inji, waɗanda duk daga waje suke zuwa, suka yi tsalle, kuɗin dako kuwa ya biyo baya a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Masu mota ɗaya da ke da bashi a kansu su suka fi jin jiki. Sa'an nan boren sojoji na 1996 da 1997 ya tsayar da harkoki a Bangi. Na kusa-kusa kuma shi ne na Disamba 2020, lokacin da 'yan tawayen CPC suka datse hanyar, motoci fiye da 1,000 suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai, ba a ga ayarin farko ya iso Bangi ba sai a watan Fabrairu na 2021. Duk mun tuna yadda farashin fulawa da albasa ya yi a kasuwa a waɗannan makonni. A irin wannan hali babu wanda ya tsira, amma asarar ba iri ɗaya ba ce. Mai zaman kansa da motarsa ke wayam ya iya juyawa ya nemi ɗan aiki a cikin Kamaru. Wanda ke ɗauke da kayan kamfani a ƙarƙashin hatimin duwan ba shi da ikon motsawa, ba shi da ikon saukewa. Sai tambaya ta taso, wa zai biya kwanakin nan hamsin? Inda babu rubutu, amsar a bayyane take: mai mota.

Tun daga 2014 tafiya a wannan hanya ta koma ta ayari a lokutan tsoro, da rakiyar sojoji, da farko na Afirka da na Faransa, daga baya na MINUSCA. Wani abin sha'awa, wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro, ko suka gangaro Adamawa har suka iso waɗannan ƙasashe, ba su tafiya ɗai-ɗai. Kowa da jakunansa da hajarsa, amma madugu ɗaya ne, shi ke magana da sarakunan hanya, shi ke yanke abin da za a biya a kowane zango, a raba wa kowa gwargwadon kayansa. Falke bai zama bawan madugu ba don ya bi ayarinsa, kuma kowa ya san abin da ke kansa tun kafin a ɗaura kaya. Har yanzu hanyar ba ta daina cin rai ba. A watan Nuwamba na 2024 direbobin Kamaru sun ajiye aiki a Garwa-Bulai bayan an kashe ɗan'uwansu a hanyar Bowali. Ya kamata mai mota ya tambayi kansa, ya kuma tambayi kamfani, in irin wannan ta faɗa wa direbansa, Allah ya kiyaye, wa zai tsaya wa iyalinsa?

Wannan gardama ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka akwai dubban direbobi masu motar kansu da ke jingina ta ga manyan kamfanoni, kuma kukansu irin namu ne, zaftare-zaftare da jinkiri. Bambancin shi ne can doka ta tilasta a rubuta yarjejeniyar, a bayyana duk abin da za a cire daga kuɗin mai mota, a kuma biya shi cikin kwana 15 bayan ya miƙa takardun sauke kaya. Mu ba mu da mai tilasta mana wannan, sai dai mu tilasta wa kanmu. Abin mamaki ma, mu da aka umurta a cikin Suratul Baƙara da mu rubuta bashi mu kafa shaidu, mu ne kan gaba wajen miƙa dukiyar miliyoyi a kan "ai mutumin kirki ne, tare muke salla". Mutumin kirki yana mutuwa, yana tsufa, ɗansa ya gaji ofis, ɗan kuwa bai san alkawarin da aka yi a zaure ba.

Ra'ayinmu dai ga shi, wanda ya ga dama ya ɗauka. Wanda ke da kayan kansa, ko yake da 'yan kasuwa uku ko huɗu tabbatattu da za su cika masa mota kowane wata, kuma babu bashi a kan motar, yana da ɗan abin da ya ajiye wanda zai sayi inji in na ciki ya buga, wannan ya tsaya da ƙafarsa, babu abin da kamfani zai ƙara masa sai yankan riba. Amma wanda ya sayi mota da kuɗin mutane, ko tsohon direban da ya haɗa guminsa na shekara ashirin ya sayi tsohuwar Mercedes ko Renault da ta gama yawo a Turai, ko sabuwar Howo ta Sin da ake biya kashi-kashi, shi abin da yake bukata shi ne sawu a kai a kai, ko da ribar kowane sawu ta ragu. Irin wannan ya shiga inuwa, aƙalla har ya sauke nauyin da ke kansa. Girman suna a jikin ƙofa ba ya biyan bashi.

In zai shiga kuwa, kada ya shiga da ka. A rubuta, da Faransanci tun da shi kotu ke karantawa, a sami wanda ya iya ya fassara masa kalma bayan kalma. A faɗi nawa ne rabonsa, kuma a ba shi ikon ganin takardar da ke nuna abin da mai kaya ya biya. A faɗi kwana nawa bayan saukewa za a ba shi cikonsa. A faɗi wanda zai ɗauki tarar sikeli in kamfani ne ya yi lodi, da wanda zai ɗauki tarar kwantena in jinkirin daga duwan ne ko daga rufewar hanya. A faɗi abin da za a biya shi a kowace rana in mota ta wuce kwanaki kaza tana tsaye da kaya a kanta. A faɗi ko yana da izinin ɗaukar lodin dawowa na kansa, domin ɗan abin da ake samu daga Bangi zuwa Buwar ko Garwa-Bulai shi ke sayen taya. Direba ya kasance nasa, wanda ya sani ya yarda da shi, domin direban da ba ya jin motar a jikinsa zai kashe ta cikin shekara guda. Katin mota kuma ya zauna da sunansa, kada a yaudare shi da cewa sai an juya suna kafin a sami kwangila. A ƙarshe a faɗi yadda za a rabu, wata nawa na sanarwa, don kada ranar da ya so janye motarsa a ce masa akwai lissafin da ba a gama ba.

Akwai hanya ta uku da muke jin ana tattaunawa a majalisu, ko da yake an fi faɗinta da baki a kan aikatawa. Ita ce masu mota ɗai-ɗai su biyar ko su goma su haɗu su yi rajistar ƙungiya ɗaya, da akawu ɗaya da wakili ɗaya zaunanne a Duwala, kowa motarsa tasa, amma su fuskanci taransite da murya ɗaya, su sayi taya tare, su ajiye asusun gyara tare. Ayarin kakanni ke nan a cikin sabuwar riga. Abin da ke kashe irin wannan haɗaka kowa ya san shi: wa zai riƙe kuɗi, kuma motar wa za a fara lodawa. In an rubuta layi, aka manna shi a bango inda kowa zai gani, aka kuma ɗauki akawun da ba ɗan kowa ba ne a cikinsu, rabin rigimar ta mutu. Kashi 60 ɗin da yarjejeniyar 1999 ta ba motocin ƙasar nan yana nan a rubuce, mafi yawansa kuwa motocin wasu ke ɗauka.

Shafin nan a buɗe yake ga masu mota, da ma direbobi da yaran mota, waɗanda muka ce ba a cika tambayarsu ba. Wanda ya gwada ɗaya daga cikin hanyoyin nan, ya ji daɗi ko ya sha wuya, ya aiko mana da abin da ya gani, da Hausa ko da Faransanci, za mu buga ba tare da ambaton sunan kowa ba.